Yadda ake daidaita inji da farfela domin jirgin ruwa ya ƙara gudu kuma ya bi hannu

Wanda ya ji cewa mutumin Damagaram ne yake rubutu a kan jirgin ruwa mai gudu, ba laifi idan ya yi murmushi, domin mu a Zinder ruwan da muka sani shi ne na famfo, ranar da ya zo, sai kuma irin su tafkin Gidimuni, inda kwale-kwalen masunta ya wadatar. Sai dai ƴaƴan garin nan da yawa a kan ruwa suke cin abinci, wasu a Ikko da Kwatano, wasu a Gaya, wasu a tafkin Chadi. Ni kaina na yi shekaru ina gyaran injin jirgi a bakin ruwan Ikko kafin na dawo gida na buɗe gareji a Sabon Gari, kuma har yau tambayar da ƙannena suke aiko mini ta waya ba ta wuce guda ba: ta yaya za a ƙara wa jirgi gudu ba tare da an sayi sabon inji ba?

Gudun da suke nema yawancinsa yana ɓoye a wuri uku, wato tsayin da aka rataye inji, da irin farfelar da aka ɗaura, da yadda ƙafar inji ta karkata a cikin ruwa. Sharaɗin aikin shi ne a taɓa abu ɗaya kawai a kowane gwaji, a auna, a rubuta, domin wanda ya ɗaga inji kuma ya canza farfela a rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya amfane shi, wanne ya cuce shi ba.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka fito da jirgin ka kankare gindinsa, domin gansakuka da ƙananan halittun da suke mannewa a ruwan gishiri suna cin gudu fiye da yadda ake zato. Ka tanadi agogon da yake nuna juyin inji a minti, da waya mai GPS, da ɗan littafi. Sannan ka ɗora irin nauyin da jirgin ya saba ɗauka, ka buɗe wuta har ƙarshe a wuri mai faɗi da babu zirga-zirga, ka yi tafiya ɗaya zuwa, ɗaya dawowa, ka haɗa sakamakon ka raba shi biyu domin iska da jan ruwa kada su ruɗe ka. Rigar da take hana nutsewa tana jikinka, igiyar kashe inji kuma tana ɗaure a hannunka ko a ƙugunka.

Da tsayin inji ake farawa. A saman farfela akwai wani shimfiɗaɗɗen faranti wanda aikinsa shi ne hana iska sauka daga saman ruwa zuwa ga farfela. Idan ka miƙar da inji tsaye, ka kwantar da miƙaƙƙen katako a gindin jirgin ya fito ta baya, farantin nan ya kamata ya zo daidai da katakon, kuma daga nan ake soma lissafi. Ƙafafun inji suna zuwa ne a tsayi sananne, inci 15, 20 ko 25, kuma sau da yawa na ga an rataya mai inci 25 a bangon bayan jirgi da aka yi domin mai inci 20, ƙafar ta nutse sosai tana jan ruwa, feshi yana tashi ta baya, mai yana ƙonewa a banza, maigida kuma yana zagin inji.

A manyan injuna, ramukan da ake ɗaure noti suna da tazarar kashi uku cikin huɗu na inci, kimanin milimita 19. Ka ɗaga rami ɗaya, ka koma ruwa. Yayin da jirgin ya hau ruwa yana gudu, ka sa wani ya leƙa baya da hankali: idan farantin yana shafar saman ruwa ana ganinsa, ka kusa isa, idan kuwa ya ɓace a ƙasa, akwai sauran ɗagawa. Duk ramin da ka hau, ƙarfen da yake cikin ruwa yana raguwa, juyin inji yana ɗan ƙaruwa, sitiyari yana sauƙi. Iyakar ta zo ne lokacin da ka karya kwana ka ji inji ya yi kururuwa jirgi kuma ya rage tafiya, wato farfela ta sha iska ta saki ruwa. Nan sai ka sauko rami ɗaya ka tsaya.

Akwai iyaka ta biyu wadda ba ta yin ƙara, kuma ita ce ta taɓa kunyata ni. Ramukan da inji yake shan ruwan sanyaya kansa suna jikin ƙafar, a ƙasa da farantin kaɗan. Wata rana na ɗaga injin wani maigida rami biyu a tashi ɗaya, gudun ya ƙaru, ya yi ta sa mini albarka, muka fita bakin teku inda raƙuman ruwa suke ɗaga bayan jirgi. Ban waiwaya ba sai da warin fenti mai ƙuna ya bugi hancina, na duba na ga siririn ruwan nan da muke kira fitsarin inji ya koma ɗigo yana fita da tururi. Robar famfon ta narke, kan injin ya lanƙwashe, aka janyo mu da igiya. Tun daga ranar ba na ɗaga inji sama da gindin jirgi sai an ɗaura agogon matsin ruwa, kuma idan allurarsa ta faɗi ƙasa da abin da littafin injin ya gindaya, musamman a kwana, to ko gudun ya kai na iska saukowa nake yi. Masu aiki a tafkin Chadi su ƙara kula, domin ciyawa da laka suna toshe waɗannan ramuka ko da tsayin daidai yake.

Wanda yake da hali yana iya sa ƙarfen jan baya, wanda yake nisanta inji daga bangon jirgi kuma ya ba da damar ɗagawa da saukewa ba tare da sabon huji ba. Dalilinsa shi ne ruwan da ya fito daga ƙarƙashin jirgi yana tasowa sama yayin da yake nisa, saboda haka injin da aka ja baya yana samun ruwa mai tsabta ko da an ɗaga shi. Amma nauyin da aka mayar baya yana wahalar da bango, kuma bangon da ruwa ya riga ya ci katakon cikinsa ba ya ɗaukar wannan.

Bayan tsayi ya zauna sai a koma ga farfela. A jikinta akwai lamba biyu, misali 11 1/8 x 13, irin wadda ake yawan gani a injin Yamaha mai doki 40. Ta farko faɗinta ce, ta biyu kuma ni taku nake ce mata, wato incin da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce ruwa abu ne mai tauri kamar katako. Kowane inji yana da iyakar juyin da ya kamata ya kai idan an buɗe wuta duka, kuma ga Yamaha Enduro mai doki 40 tsakanin 4500 ne da 5500 a minti. Ƙarin inci ɗaya a taku yana rage juyi da kimanin 150 zuwa 200, ragin inci ɗaya kuma yana ƙara shi. Samari sun fi son babban taku domin sun ɗauka shi ne gudu, alhali injin da aka ɗora wa takun da ya fi ƙarfinsa kamar jaki ne da aka labta wa buhunan gero a hawan tudu, yana tafiya yana nishi, cikinsa yana lalacewa. A ganina a nemi takun da zai kai inji kusa da saman iyakarsa da kayan yau da kullum.

Ana iya gane ko farfela tana riƙe ruwa da ɗan lissafi. A ce inji yana juyi 5200, giyar ƙafarsa kuma tana raba shi biyu, farfela tana juyi 2600 ke nan. Ka ninka da taku 13, ka sake ninkawa da 0,001524, za ka sami kusan kilomita 51 da rabi a awa. Idan GPS ya nuna 44, santsin, wato giɓin da yake tsakanin lissafi da ainihin gudu, ya kusa kashi 15 cikin ɗari, wanda ba laifi ga jirgi mai kaya. Idan ya haura 20 da nisa, ko dai bakin farfela ya ci duka, ko robar cibiyarta tana zamewa, ko inji ya yi sama da yawa. Farfelar ƙarfen da ba ya tsatsa ta fi ta alminiyam riƙe ruwa domin fukafukanta sirara ne kuma ba sa lanƙwasa, sai dai a ruwa mai duwatsu da kututture na fi son alminiyam, gara ita ta karye da a ce giya ta karye.

Karkata ba ta da dogon bayani. Ƙafa ta matso jikin jirgi, goshi ya duƙa, jirgi ya yi saurin hawa ruwa amma yana huɗa kamar garma. Ƙafa ta yi nisa, goshi ya tashi, gudu ya ƙaru, har ya kai inda jirgin zai fara sukuwa yana sama yana ƙasa. A ƙananan injuna sandar ƙarfe ce ake matsarwa daga rami zuwa rami, a manya kuwa maɓalli ne. Idan jirgi yana jan hannu zuwa dama, ka sassauta ɗan ƙaramin fiffiken da yake ƙarƙashin faranti, ka karkatar da wutsiyarsa zuwa dama kaɗan, ka ɗaure.

Manyan jiragen teku masu inji a ciki da ƙafa a waje, irin masu ƙafar Bravo One ta kamfanin Mercury, ƙa'idarsu ɗaya ce amma gyaran ya fi tsada, domin an riga an huda bangon. A nan ana sauke farfela ne ta hanyar cusa ƙarfen tazara tsakanin saman ƙafa da ƙasanta, ana ɗaga ta kuma da gajeriyar ƙafa. Masu tsere suna kai wa ga tsarin da Ba'amurken nan Howard Arneson ya shahara da shi, inda rabin farfela kawai yake cikin ruwa. Jirgi mai inji biyu ana sa farfelunsa su juya saɓanin juna domin kada ya kwanta gefe guda, kuma juyawa zuwa waje ita ce aka fi sabawa da ita saboda ta fi natsuwa a kwana da wajen tsayawa a gaɓa.

Abin da ya fi haɗari a irin wannan gudu shi ne tangaɗi, lokacin da jirgi mai tsinin gindi ya tashi ya rage ɗan wuri kaɗan a ruwa, ya soma faɗawa dama da hagu, kowane faɗuwa ya fi na baya. Kada ka sauke wuta gaba ɗaya, ka fara dawo da ƙafa ciki kaɗan, sannan ka rage wuta sannu a hankali. Da kun fito, ka kama ƙafar injin da hannu biyu ka girgiza ta yayin da wani ya riƙe sitiyari, domin mafi yawan tangaɗin da na gani daga sakin sitiyari ne ko robobin da inji yake zaune a kansu da suka mutu. Ka cike duk tsohon rami a bango da gam ɗin da ruwa ba ya ci, kuma bayan fitar farko ka sake bin notocin inji ɗaya bayan ɗaya, domin bango yana ɗan lotsawa su saki.