Yadda ake daidaita alƙaluman mace-mace da shekarun jama'a

Wata ɗalibar kiwon lafiya a nan Jidda ta tare ni da tambaya: "Malam, me ya sa mutuwa ta fi yawa a Japan bisa Saudiyya, alhali su ma asibitocinsu na da kyau?" Na ce mata: dalilin shi ne tsofaffi sun cika Japan, nan kuwa ƙasar cike take da matasa da baƙin ma'aikata masu jini a jika. Kafin ki kwatanta, ga abin yi.

Fara da kasa jama'ar kowace ƙasa rukuni-rukuni bisa shekaru: 0 zuwa 4, 5 zuwa 9, har kan tsofaffi.

A kowane rukuni, raba adadin mamata da yawan mutanensa, ki ninka da 1,000.

Sai ki ɗauko ma'aunin jama'a guda, wato jadawalin da ke nuna kason kowane rukunin shekaru cikin jama'a, da za a auna ƙasashen biyu da shi. Na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2000 zuwa 2025 ya wadatar; a cikinsa 'yan 65 zuwa sama kusan kashi 8 cikin 100 ne. Nan nake roƙonki ki natsu, don ma'auni ɗaya tak ake amfani da shi wa duka biyun. In kin sauya a tsakiya, aikin ya lalace.

Ninka sakamakon kowane rukuni da kasonsa a ma'aunin. Misali, a ce tsofaffi 40 cikin 1,000 suka rasu: 40 sau 0.08 ya ba da 3.2.

Ki haɗa na dukkan rukunan. Wannan jimlar ce za ki jera da ta ɗaya ƙasar, kuma ki rubuta sunan ma'aunin a ƙasan jadawalinki.