Yadda na gyara yoyon flanj a shaton unguwarmu

Wallahi wannan flanj ɗin, wato mahaɗin tiyo biyu da ake ɗaurewa da bulon, ya ba ni wahala, kwana uku yana ɗiga a gindin shato a nan Tawa, ƙasa ta jiƙe har awaki sun mai da wurin mashaya. DN100 PN16 ne, wato na tiyo 100 mm mai jure matsin bar 16, bulon takwas M16, matsin ruwa yana kai bar 10.

Laifina ne. Da farko na ɗauki faɗin cikin tiyo 100 mm na yi lissafin ƙarfin da ruwa ke turawa, na samu kusan 8 kN (kilonewton), na ce ai wannan ba komi ba ne, na ɗaure da hannu haka nan da ka. Ashe ruwa har tsakiyar jwan, wato abin da ake sawa tsakanin flanj biyu don hana yoyo, yake turawa, wajen 138 mm, sai ya koma 15 kN. Kuma babban abin na manta shi gaba ɗaya, wato ƙarfin da zai matse jwan ɗin kansa ya zauna, takardarsa ta ce 20 N a kowane mm², wurin da yake taɓawa kuma ya ɗan wuce 9,000 mm², ka ga 185 kN ke nan. Duka 200, a raba takwas, kowane bulon 25 kN. Na ninka da 0.2, adadin da ake sawa don gogayya, da kaurin bulon 0.016 m, ya ba ni ƙarfin murɗawa 80 Nm, a bushe ke nan, in ka shafa giris ka rage.

Na aro kile mai awo wajen wani maigida, na sa sabon jwan, na bi bulon ɗin gicciye zagaye uku ina ƙarawa kaɗan-kaɗan. Washegari na sake bi, biyu sun ɗan saki. Yanzu wurin ƙayau.