Darasi na 7: Ciwon ƙunar ganye a gonar kumin

Kumin ɗin nan da mata ke sawa a girki, yawancinsa daga Indiya yake fitowa, jihohin Gujarat da Rajasthan, kuma babbar kasuwarsa tana garin Unjha. A can noman rani ne, ana shuka wajen Nuwamba a girbe Fabrairu zuwa Maris.

To babban abin da ke hana manoman can barci shi ne ciwon ƙunar ganye. Wani irin fumfuna ne mai suna Alternaria burnsii ke kawo shi, yana zama a jikin iri da tarkacen gonar bara. Da farko bakin ganye ne zai yi ruwan ƙasa, sai ya bi kara, kan shukar ya langaɓe ƙasa, kafin ka ankara gona ta yi baƙi kamar wuta ta bi ta kai, ƙwayar da ta samu ta fito kuma duk a motse ba nauyi. Ya fi tashi lokacin fure in aka kwana biyu gari a lumshe ga raɓa.

Maganin da aka fi fesawa shi ne mankozeb, wanda masu dankalin turawa a Filato ma sun san shi sarai. Amma fa a gane, shi mankozeb tsare ganye yake yi, ba ya tada wanda ya riga ya ƙone, shi ya sa mai jira sai ya ga baƙi a gona kafin ya ɗauko famfo gaskiya ya makara. Ana fara feshi shuka na da kwana 30 zuwa 40, a maimaita duk bayan kwana 10 zuwa 15. Awo: giram 2.5 a lita 1 ta ruwa. Kar a ce bari in ƙara don ya fi ci, asarar kuɗi ce kawai.

In gari ya lumshe a dakata da ban ruwa. A gauraya iri da maganin tiram kafin shuka. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu, ya ba iska baya. Dab da girbi kuma a ajiye famfo, don masu saye daga Turai suna gwada kaya, in suka tarar da ragowar magani ya wuce ƙa'ida sai su maido shi.

Aiki: famfonka na cin lita 16, giram nawa na mankozeb za ka auna? Rubuta amsar a littafinka ka nuna wa malam.