Yadda Mai Son Daina Shaye-shaye Zai Tsara Yininsa

Matashin da ya ƙuduri niyyar rabuwa da tiramol, kodin ko wiwi a garin Bauchi, babbar matsalarsa a makonnin farko ita ce yadda zai cike sa'o'in da ya saba ɓatarwa a majalisa. Tuba daga zuciya take farawa, amma kwaɗayin ƙwaya yana da lokutan da yake tasowa, galibi bayan la'asar idan an tashi daga aiki, da kuma tsakar dare idan barci ya ƙi zuwa.

Kafin komai, ya ga likita. Wanda ya daɗe yana shan rochi (wata ƙwaya mai sa barci) ko giya, idan ya yanke lokaci guda, yana iya kamuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya wadda takan kai ga rasa rai, shi ya sa ake rage masa sannu a hankali ƙarƙashin kulawa. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, kuma hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi tana ba da shawara ga masu neman dainawa. Addu'a da ruƙiyya suna da matsayinsu, amma ina roƙon iyaye kada su ɗauki ɗaure yaro da mari ko dukansa a matsayin magani.

Sai ya ɗaura yininsa a kan salloli biyar cikin jam'i. Hikimar ita ce, alƙawarin "na daina har abada" yana da nauyi ga wanda jikinsa ke rawa, gumi na karyo masa, amma kowa yana iya cewa: ba zan sha ba daga azahar zuwa la'asar. Idan la'asar ta yi, ya sabunta niyya zuwa magariba. Tsakanin magariba da isha'i ya zauna a masallacin unguwa inda ake karatu, ko da bai fahimci komai ba tukuna. Idan kwaɗayin ya taso, ya yi alwala da ruwan sanyi, ya fita ya taka, ya riƙa istigfari, domin yakan lafa idan aka jure na ɗan lokaci.

Dole ne kuma ya sauya abokai, ya goge lambar dila daga wayarsa, ya canza hanyar da yake bi zuwa gida. Ya samu mutum ɗaya mai riƙon amana, liman ne ko yaya ko maigidansa a wurin sana'a, wanda zai iya kira ko da ƙarfe 2 na dare, ya kuma damƙa masa ajiyar kuɗin cinikinsa.

Idan ya zame ya sake sha, kada ya ɓoye. Aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah. Sai dai ya sani cewa jikinsa ya daina jure adadin da yake sha a da, kuma idan tiramol ne ko kodin, wannan adadin yana iya tsayar masa da numfashi yanzu. Ya sanar da amintaccensa a ranar, washegari su koma wurin likita tare.