Yadda za ka gane ma'anar suna irin su Ivanov ko da ba ka jin Rashanci

Farkon abin yi kawai ka yanke wutsiyar sunan. Ɗauki Ivanov, cire "ov" ɗin, me ya rage? Ivan. To wannan ov ɗin shi ne "na wane", da can cewa ake wannan ɗan Ivan ne, a hankali aka daina faɗin ɗan, sunan ya bi gidan gaba ɗaya har jikoki da tattaɓa kunne. Shi kansa Ivan ɗin ma aro ne fa, ta coci ya shigo musu daga Girkanci, Ioannes, tushensa kuma Ibrananci ne, Yohanan, wato Allah ya yi alheri. Yohanna dai da ka sani.

Wutsiyar ba ov kaɗai ba ce, akwai ev akwai in. Sunan da ya ƙare da "a" ko "ya" shi ke ɗaukar "in", shi ya sa Nikita ya ba da Nikitin, Ilya ya ba da Ilyin. In mace ce sai a ƙara "a" a ƙarshe, Maria Sharapova babanta Sharapov ne.

Inda mutane ke rikicewa shi ne sunan tsakiya, wanda suke kira otchestvo, don shi ne sunan uban mutum na gaske ba na kakan kakanni ba, namiji ovich ko evich, mace ovna ko evna. Yuri Alekseyevich Gagarin da ya fara zuwa sararin samaniya a 1961 sunan babansa Aleksei, kuma da suna haɗe da otchestvo ake kiran malami ko oga a ofis, ba a yi masa gatsal da sunansa kawai.

Wani lokacin ka yanke wutsiyar ka tarar sana'a ce ko laƙabi, Kuznetsov ɗan maƙeri, Popov ɗan limamin coci. Kar kuma ka ga Ivanov biyu ka ce 'yan uwa ne, manoma da yawa sai bayan da aka soke bautar gona a 1861 suka samu sunan gida, sunan uba ko kaka aka ɗauka aka rubuta, Ivan kuwa kowane ƙauye cike yake da su.

Gwada da Khabib Abdulmanapovich Nurmagomedov na yankin Dagestan da ke Rasha mu gani, wa ye baban?