Kurakuran da aka fi yi wajen hawa balan-balan don kallon namun daji, da yadda za a kauce musu

Balan-balan ba ta da sitiyari, ba ta da birki. Abin da matuƙinta ke iya yi biyu ne: ya hura wuta iskar da ke cikin tantin, wato ƙaton ƙyallen da ke bisa kwandon da fasinjoji ke shiga, ta yi zafi ta ɗaga sama, ko ya bar iskar ta huce ta yi ƙasa. Zancen gabas da yamma kuwa, sai inda iskar Allah ta nufa. Haka take tun da 'yan'uwan nan biyu na gidan Montgolfier suka ƙera ta a Faransa, mutane suka fara tashi a cikinta a birnin Paris a 1783. Gwanin matuƙi da hawa da sauka yake laluben hanya, domin iskar da ke kaɗawa daidai kan bishiyoyi ta kan bi wata hanya dabam da wadda ke can sama. Yawancin ɓacin ran da baƙi ke komawa da shi daga Masai Mara ta Kenya ko Serengeti ta Tanzaniya, daga rashin sanin wannan yake tasowa. Mutum ya biya kuɗi masu nauyi, sai ya ɗauka ya yi hayar mota ce mai fuka-fuki.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne ajiye hawan sai safiyar ƙarshe, da sunan a rufe tafiya da abin daɗi. Na taɓa tsayawa a filin tashi da duku-duku, tantin yana shimfiɗe a kan ciyawa, ma'aikata sun kunna manyan fankoki suna cika shi da iska. Matuƙin ya saki 'yar ƙaramar balan-balan irin ta yara, ya haska ta da tocila yana bin ta da ido. Maimakon ta miƙe sama sai ta kwanta ta yi gefe da gudu. Ya yi shiru, ya sake sakin wata, sannan ya juyo ya ce yau ba tashi. A cikinmu akwai wani dattijo da matarsa waɗanda ƙaramin jirginsu zai koma Nairobi da hantsin ranar. Kuɗinsu za a mayar musu, amma ba su da wata safiyar da za su sake gwadawa. Mu da muke da sauran kwana biyu, washegari muka tashi lafiya lau. Saboda haka a sa hawan a safiyar farko ko ta biyu. Kuma tun kafin a biya, a tambaya a rubuce: idan iska ko ruwa ya hana tashi, za a mayar da kuɗi duka ne ko za a ɗaga zuwa wata rana? A lokacin da baƙi suka yi yawa, daga Yuli zuwa Oktoba, kwanduna kan cika da wuri, wanda ya bari sai ya isa masauki kafin ya nemi gurbi yana iya tarar da babu.

Idan matuƙi ya ce ba tashi, kada a tsaya ja-in-ja da shi. Na ga masu yi, har da ɗaga murya wai ai sararin sama garau yake. Garau ɗin sama ba ya nuna ƙarfin iska. Mutumin da ya yarda ya yi asarar kuɗin fasinja goma sha shida don kada ya jefa su cikin haɗari, shi ne matuƙin da ya kamata a sake nema gobe.

Sai kuskuren buri. Wasu na hawa da zaton za su ga zaki ido da ido, ko su tarar da damisa a kan reshe. Yana yiwuwa, amma sa'a ce kawai, tunda ba a juya kwando a bi dabba, ba a kuma tsayawa a jira ta. Wanda ke son ƙirga gashin bakin zaki, motar yawon daji ce tasa. Abin da balan-balan ke bayarwa dabam ne. Za ka ga yadda ƙasar take a shimfiɗe: Kogin Mara yana lanƙwasa kamar maciji, dorina sun yi curi a ruwa bayansu na sheƙi, hanyoyin da dabbobi suka tattake shekara da shekaru sun yi zane a ciyawa kamar jijiyoyin bayan hannu. Za ka ga kan raƙumin dawa daga sama, abin da mai tafiya a ƙasa ba zai taɓa gani ba. Idan rana ta ɓullo, inuwar giwa kan fi giwar tsawo sau da yawa. Kuma tsakanin hurawar wuta da hurawar wuta akwai wani shiru, har kana jin kukan jakin dawa da tsuntsayen asuba daga ƙasa. Duk tafiyar kusan awa ɗaya ce. Wanda ya ƙarar da ita yana tambayar ina zaki, zai sauko bai ga abin da ya biya kuɗi dominsa ba.

Maƙwabcin wannan kuskure shi ne rashin daidaita wata da wuri. Babban garken da ake zuwa kallo, wato dabbar nan mai kama da gwanki da ake kira nyumbu a harshen Suwahili, sun haura miliyan ɗaya, kuma ba sa zama wuri guda. Ruwan sama suke bi, tare da jakunan dawa da bareyi. Daga Janairu zuwa Maris suna kudancin Serengeti, wajajen Ndutu, inda suke haihuwa. Wajen Mayu da Yuni sukan ratsa yamma ta Kogin Grumeti. Daga Yuli zuwa Oktoba suna arewacin Serengeti da Masai Mara. Serengeti kaɗai ta kusa murabba'in kilomita 15,000, don haka wanda ya tashi daga Seronera, a tsakiya, a watan Agusta yana jiran ganin garke ya rufe ƙasa, garken na can arewa da nisa. Zai ga dabbobi, domin Seronera ba ta rabuwa da su, sai dai ba abin da ya gani a hoto ba. A fara tambayar inda garken yake a watan da za a je, sannan a zaɓi filin tashi. Afrilu da Mayu damina ce sosai a yankin, an fi soke tashi a lokacin.

Tufafi ma na ba mutane kunya. Ana jin Afirka ta Gabas sai a ɗauko riga shara-shara. Masai Mara na bisa tudu, sama da mita 1,500 daga matakin teku, kuma motar da za ta kai ka filin tashi takan zo tun ƙarfe huɗu da rabi ko biyar na asuba, sau da yawa a buɗe take. Sanyin na shiga ƙashi. Amma da an tashi, wutar da ke bisa kanka za ta gasa maka ƙeya, kafin a gama karin kumallo kuma rana ta yi zafi. Maganin shi ne a sa kaya bisa kaya, waɗanda za a iya tuɓewa ɗaya bayan ɗaya. A sa hula don zafin wutar, musamman dogon mutum ko mai sanƙo, amma hular da ta kama kai. Takalmi rufaffe, domin ciyawar na jiƙe da raɓa, inda za a sauka kuma daji ne mai ƙaya. Wando ya fi dacewa ga kowa, saboda shiga kwandon sai an taka 'yan ramukan jikinsa an ƙetara. Mai babbar riga ko doguwar abaya ta sa wando a ciki, mayafi kuma a naɗe shi a cusa bakinsa cikin rigar sanyi, kada ya riƙa lilo kusa da igiyoyi da wuta. A guji baƙi da shuɗi mai duhu, su ne launukan da ƙudan tsando ya fi bi.

Babu banɗaki a kwando, filin tashi ma ba kullum ake samu ba. A rage shayi da kofi kafin fita. Mai salla ya lura cewa alfijir zai keto ne yana hanya ko yana filin tashi, don haka ya fito da alwalarsa da 'yar darduma, ya gaya wa direba tun da dare. Lokacin da ake cika tanti da iska ya ishe shi. Sai dai kada ya yi nisa da mota da fitilu don neman keɓantaccen wuri. Wannan daji ne na gaske, ɓauna da dorina na kiwo da dare, kuma ba su gama komawa ba a wannan lokaci.

Game da hoto, magana kaɗan ce. Duk abin da ya suɓuce daga hannu ya tafi ke nan, don haka waya da kyamara da madubin hangen nesa a rataye su da igiya. Babbar jaka ba ta da wuri. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto an hana shi a waɗannan gandaye sai da izini na musamman. Kuma a riƙa sauke waya ana kallo da ido. Kada a yi wa dabbobi ihu ko tafi don su ɗago kai, ƙarar wutar ma kaɗai tana razana giwa mai ɗa, shi ya sa matuƙin kirki ke ɗagawa sama idan ya hango su. Roƙonsa ya ƙara sauka a kansu don hoto ya fito zalunci ne ga dabbar.

Inda aka fi jin rauni shi ne sauka, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Kafin tashi matuƙi zai nuna yadda ake zaman sauka. A wannan lokacin rabin fasinjoji na ɗaukar hoton wuta, ba sa ji. Ga abin da zai ce: ka zauna ko ka rage tsawo a cikin ɗan sashen da aka ware maka a kwandon, ka jingina baya da kai sosai, gwiwoyi a lanƙwashe, hannu biyu a kan madaukan igiya da ke ciki, kyamara a cusa cikin riga. Kada hannu ko kai ya leƙo waje. Idan iska ta ɗan motsa, kwandon zai bugi ƙasa, ya yi tsalle, ya sake bugu, wani lokaci ya kwanta a gefensa tantin ya ja shi a ciyawa, ya ci karo da suri ko kututture. Wannan ba haɗari ba ne, sauka ce da aka saba, an kuma ƙera kwandon don ya sha irin wannan bugu. Haɗarin na ga wanda ya miƙe tsaye don ya ɗauki bidiyo, ko ya saki igiya bayan bugun farko yana zaton an gama.

Mafi muni shi ne yin tsalle a fita da zarar an taɓa ƙasa. Nauyin fasinjoji ne ke danne balan-balan. Mutum ɗaya ya fice, sai ta yi sauƙi ta sake ɗagawa da sauran jama'a, shi kuma kwandon na iya bi ta kansa. Ba mai fita sai matuƙi ya ce a fita, ko da kuwa kana kwance a bayanka kana kallon sama, ƙafar wani na kusa da kunnenka. A wasu wuraren, musamman Serengeti, tun shigar ma a kwance ake yi, kwandon na gefensa, sai wuta ta ɗaga tanti ya miƙe da ku. Wanda bai san da wannan ba ya kan tsorata a banza.

Saboda wannan bugun ne ake hana mai juna biyu hawa, ake kuma tambayar mai ciwon baya ko gwiwa da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Ɓoye irin wannan don kada a rasa gurbi kuskure ne babba. Haka ma rage nauyin jiki a takarda don jin kunya: da wannan lissafin matuƙi ke auna gas da raba mutane a kwando. Yara ƙanana ba a ɗaukarsu. Kamfanoni da yawa na farawa daga shekara bakwai, kuma sai yaro ya kai tsawon da zai iya leƙa bakin kwando da ƙafarsa a ƙasa. A tambaya tun kafin a yi wa yaro alkawari. Masu tsoron bisa kuwa, da yawansu kan yi mamaki, domin kwandon na tafiya tare da iska, ba ya lilo, bakinsa kuma ya kai ƙirji.

Kuɗin hawa ya kan kai kusan dala 500 a kan mutum ɗaya, wani wurin fiye. Idan aka yi maka tayin da ya gaza haka da nisa, ka yi tambaya kafin ka yi murna. Shin kamfanin na da lasisin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar? Matuƙin shekara nawa yana tashi a wannan dajin? Akwai inshorar fasinja? Kamfanin gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Haɗarin balan-balan ba ya yawan faruwa, amma idan ya zo ba ya zuwa da sauƙi: a Luxor ta Masar, a Fabrairun 2013, wuta ta kama wata a sama, mutum 19 suka rasu. A duba kuma ko inshorar tafiyarka ta haɗa da hawan balan-balan, domin wasu na cire shi. A tabbatar ko kuɗin shiga gandun daji na cikin farashin, sau da yawa dabam ake biyansa. A riƙe 'yan canji don ma'aikatan ƙasa, waɗanda suka tashi tun kafin kowa, suka bi ku da mota cikin daji, su ne kuma za su naɗe wannan ƙaton tanti bayan kun tafi.

Bayan sauka akwai karin kumallo a ƙarƙashin bishiya, tebur da farin ƙyalle a tsakiyar daji. Al'adar masu balan-balan ce a buɗe kwalbar giyar shamfen, kuma a cikin abincin a kan samu naman alade. Wanda ba ya sha ba ya ci, ya faɗa tun ranar da ya biya kuɗi, a rubuta a takardarsa, ya sake tuna wa direba da asuba. Za a tanadar masa ruwan 'ya'yan itace da abinci dabam ba tare da wata matsala ba, sun saba da baƙi iri-iri. Amma kicin ɗin a mota aka ɗauko shi tun da dare, abin da ba a loda ba kuma ba za a same shi a gindin bishiyar ba.