Yadda Ake Zaɓen Harsashin Bindigar Ɗuri Don Farauta

Bindigar da ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, irin adaka da bindigar toka, cikin bututunta ne ke nuna harsashin da ya dace da ita. Don haka kafin ka sayi komai, tabbatar ba a ɗure take ba, ka haska cikin bututun ka duba: sumul yake, ko yana da tsagi a murɗe?

Idan sumul ne, kamar yawancin waɗanda maƙeranmu ke ƙerawa, zaɓi biyu kake da shi. Ga zabo, fakara da zomo, ƙananan ƙwayoyin dalma, nisa kada ya wuce mita 25 zuwa 30. Ga gada ko barewa, dunƙulen dalma guda ɗaya, kuma bayan mita 50 kada ka sa rai zai faɗa inda ka auna. Dogon harsashi ba na wannan bututu ba ne. Babu abin da zai sa shi juyawa, sai ya riƙa tuntsure a iska ya bugi dabba ta gefe.

Mai tsagi kuwa, saurin murɗin ake dubawa. Wanda ke cika zagaye ɗaya a inci 60 zuwa 70 na dunƙule ne. Zagaye ɗaya a inci 48 tsaka-tsaki ne, yana ɗaukar dunƙule da gajeren harsashi mai tsini. Zagaye ɗaya a inci 28, irin na sababbin bindigogin Amurka, na dogon harsashi ne mai rigar roba, wato kwanson roba da ke riƙe harsashin a cikin bututu. In ba ka san naka ba, naɗa tsumma a kan sandar ɗuri ya matse sosai, yi wa sandar alama, ka jawo ta a hankali kana auna tsawon da ta yi kafin ta juya rabin zagaye, sai ka ninka biyu.

A bututu mai faɗin rabin inci, wato milimita 12.7, dunƙulen da aka saba shi ne mai inci 0.490, nauyinsa kusan giram 11.5, a naɗe cikin ƙyalle mai kaurin inci 0.015. Ƙyallen nan shi ke kama tsagi ya kuma toshe iskar harbi, saboda haka ya zama na auduga zalla mai saƙa a matse. Yadin roba narkewa yake yi. A shafa masa kitse ko kakin zuma. Man inji idan ya haɗu da tokar albarushi yana daskarewa ya hana ɗuri na gaba shiga. Bayan harbin gwaji, nemi ƙyallen a ƙasa 'yan taku kaɗan gaban bindiga. In ya ƙone ko ya yage a tsakiya, ya yi siriri ko kitsen bai isa ba.

Dunƙule na saurin rasa ƙarfi a hanya. Ga babbar dabba kamar gadu, harsashi mai tsini na giram 24 zuwa 25 ya fi ratsa ƙashi, amma yana dukan kafaɗa kuma yana ƙara matsi a cikin bututu. Mai rigar roba na giram 16 zuwa 19 shi ya fi miƙewa, yana kai mita 150 a hannun gwani, sai dai robar na barin datti da ke buƙatar goga.

Dalmar da ke taɓa bututu ta zama mai laushi, wadda farce ke iya yi wa zane. Mai tauri tana wahalar ɗurawa, ba ta kuma buɗewa a jikin dabba. Guntun ƙusa, ƙwallon bayarin da yankan rodi da wasu ke ɗurawa kuskure ne babba: suna ƙarce bututu, suna iya maƙalewa, suna dawowa idan sun bugi dutse, sannan sukan raunata dabba ta gudu ta mutu a wahale. Bindigar maƙera mai siririn bututu kuma kada a ɗora mata harsashin da ya fi nauyin wanda maƙerin ya gwada ta da shi.

Kowane iri ka zaɓa, danna shi har ya zauna daram a kan albarushi. Rata tsakaninsu ita ce ke kumbura bututu ko ta fasa shi. Yi wa sandar ɗuri alama a daidai bakin bindiga bayan ɗuri mai kyau, ka riƙa dubawa, musamman da harsashi mai tsini wanda kan zame gaba idan an daɗe ana tafiya bakin bindiga na kallon ƙasa. Albarushin harsashin zamani marar hayaƙi kuwa, kada a ɗura shi a wannan bindiga ko kaɗan.

Kafin shiga daji, harba uku-uku a takarda daga nisan da za ka yi farauta, kana goge bututu tsakanin harbi, kana sauya abu ɗaya kawai a kowane zagaye. In an samu nama, a yanke wurin da harsashi ya bi a zubar, domin ɓurɓushin dalma guba ne, ya fi cutar da yara da masu juna biyu.